Gidan Simpson: wa ake yi wa dariya, wa ke da bakin ramawa?

A watan Janairu na shekarar 1992, shugaban ƙasar Amurka na lokacin, George Bush uba, ya tsaya gaban taron masu watsa shirye-shiryen addini a birnin Washinton, ya ce burinsa shi ne iyalan Amurka su ƙara kama da iyalin Walton, su rage kama da iyalin Simpson. Iyalin Walton na wani tsohon wasan talabijin ne, mutanen karkara masu ladabi da tsoron Allah, waɗanda labarinsu ya gudana a zamanin babbar karayar arziki ta shekarun 1930. Iyalin Simpson kuwa ko mutane ma ba su ba ne, zane ne mai motsi, masu fata ruwan ɗorawa da yatsu hurhuɗu. Bayan kwana uku sai masu shirin suka mayar da martani: aka nuna iyalin zaune suna kallon jawabin shugaban, yaron gidan mai suna Bart ya buɗe baki ya ce ai su ma tamkar iyalin Walton suke, tunda su ma kullum roƙon Allah suke yi ya kawo ƙarshen karayar arziki. A watan Nuwamba na wannan shekara Bush ya faɗi zaɓe. Babu mai hankalin da zai ce zane ne ya kayar da shi, amma dai shi ya bar fada, su kuwa har yau suna zaune a kan kujerarsu ta falo.

Da yawa daga cikinmu da muryar Faransanci muka san wannan shiri, ta tashoshin tauraron ɗan Adam, domin tun watan Disamba na 1990 tashar Canal+ ta fara nuna shi a Faransa. Kuma da yake a idon iyaye duk abin da aka zana na yara ne, sau da yawa akan bar ƙanana su kaɗai a gabansa, manya su tafi hirarsu. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Yaro zai kwashe rashin kunyar Bart ya bar ma'anarta, babba kuwa, wanda dominsa aka rubuta shirin, zai rasa ɗaya daga cikin mafi kaifin zambo da talabijin ta taɓa yi wa masu mulki, da makaranta, da ita kanta talabijin.

Mai zane Matt Groening ne ya ƙirƙiro iyalin. Sun fara fitowa a watan Afrilu na 1987 a matsayin gajerun zane cikin shirin wata mai barkwanci, Tracey Ullman, sannan ranar 17 ga Disamba 1989 suka samu nasu shiri na rabin sa'a a tashar Fox, tare da taimakon James L. Brooks da Sam Simon. Groening bai je nesa neman suna ba: Homer sunan mahaifinsa ne, Marge na mahaifiyarsa, Lisa da Maggie na ƙannensa mata. A 2018 shirin ya wuce kashi 635 na tsohon wasan Gunsmoke, ya zama wasan kwaikwayo na dare mafi yawan kashi a tarihin talabijin ɗin Amurka, kuma a 2023 ya kai kashi 750. Cikin duk waɗannan shekaru Bart bai wuce shekara 10 ba, Lisa tana nan a 8, jaririya Maggie har yanzu tana tsotsar robarta. Za mu komo kan wannan tsayuwar lokaci, domin a nan ƙarfin shirin yake, a nan kuma gazawarsa take.

A ganina babban tauraron shirin shi ne garin Springfield kansa. Kowace hukuma da ɗan ƙasa ke jingina da ita an ba ta fuska, an kuma nuna inda ta ruɓe. Magajin gari Quimby maƙaryaci ne mai neman mata, wanda aka ba shi irin lafazin gidan Kennedy. Shugaban ƴan sanda Wiggum malalaci ne mai karɓar na goro. Mai karanta labarai Kent Brockman ya fi son abin da zai firgita jama'a a kan abin da zai wayar musu da kai. Limamin coci Lovejoy ya gaji da mabiyansa tun kafin su gaji da shi. Bisa dukkansu akwai tsoho Burns, mai tashar wutar lantarki ta nukiliya, wanda duk da shekarun da Homer ya yi yana masa aiki bai taɓa riƙe sunansa ba. Shi kuwa Homer, wanda barci ke kwashewa a gaban na'urori, shi aka ɗora wa kula da lafiyar tashar da rayuwar gari duka ke rataye da ita.

Da shirin ya tsaya a kan zagin manya kawai, da ba shi da bambanci da hirar bakin titi. Abin da ya ɗaga shi shi ne bai ƙyale talakawa ba. Akwai wani kashi na watan Mayu 1996 da ya kamata duk mai koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa ya kalla. Wata dabbar dawa da ake kira beyar ta ɓato hanya ta shigo unguwa, ba ta taɓa kowa ba, aka yi mata allurar barci aka fitar da ita. Duk da haka mutanen gari, Homer a gaba, suka yi cincirindo zuwa ofishin magajin gari suna neman a kare su. Aka kafa rundunar sintiri ta musamman, har da jirgin yaƙi. Homer ya duba titi, bai ga dabba ko ɗaya ba, ya ce lallai rundunar tana aiki. Lisa ta ɗauki dutse a ƙasa ta ce masa, in haka ne, ita ma tana iya cewa wannan dutse yana korar damisa, tunda ga shi babu damisa a unguwar. Homer ya yi shiru, ya yi tunani, sannan ya ciro kuɗi ya ce zai sayi dutsen. Da ƙarshen wata ya zo aka cire masa dala 5 ta Amurka harajin sintiri, sai jama'a suka sake cika ofishin, wannan karon suna kukan haraji. Magajin gari, da ya ga ba shi da mafita, ya ce ai baƙin haure ne suka jawo tsadar, a yi ƙuri'ar korarsu. Aka yi, kashi 95 cikin 100 suka amince.

Dubi yadda aka jera matakan: tsoro marar tushe, sai kashe dukiyar jama'a don kwantar da tsoron, sai fushi a kan kuɗin da aka kashe, sai neman baƙon da za a ɗora wa laifi. Cikin minti ashirin da ƴan kai an bayyana abin da littafin kimiyyar siyasa zai ci babi guda yana bayani, kuma babu inda aka tsaya ana wa'azi. Quimby mugu ne, amma ba shi ya fara ba. Taron da ke ihu a ƙofarsa shi ya koya masa abin da zai faɗa.

Haka ma kashin 1993 da Conan O'Brien ya rubuta. An ci Burns tarar dala miliyan 3 saboda zubar da dattin nukiliya a lambun shaƙatawa, aka taru a zauren gari don shawarar yadda za a kashe kuɗin. Marge ta ce a gyara babban titi da ya cika da ramuka, har an kusa yarda, sai ga wani baƙo mai zaƙin baki ya miƙe da waƙa ya sayar musu da jirgin ƙasa mai gudu a kan dogo ɗaya a sama, a garin da ba shi da buƙatarsa. Duk wanda ya taɓa ganin an bar rijiya ta rushe an je an gina abin da za a yanka masa kyalle a gaban kyamara, ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari.

Ga ƴan uwa malamai, makarantar firamare ta Springfield ita ce inda dariyar ke da ɗaci. Tun a buɗe shiri Bart ake nunawa yana rubuta layi ɗaya sau da yawa a allo, horon da kowa ya san bai taɓa gyara shi ba. Darakta Skinner mutum ne mai tsoron sufeto da tsoron mahaifiyarsa, malama Krabappel kuwa ta shiga aikin da zuciya ɗaya, shekaru suka cinye mata ita. A kashin 1995 malamai suka tafi yajin aiki saboda rashin kayan aiki da ƙarancin albashi, iyaye suna son a gyara makaranta amma ba sa son ƙarin haraji, a ƙarshe aka warware rikicin ta hanyar ba gidan kurkuku hayar wani sashe na azuzuwa, fursunoni a baya, ɗalibai a gaba. A 1990 wasu makarantun Amurka sun hana sa riguna masu hoton Bart, suna ganin yana koya wa yara alfahari da daƙiƙanci. Ina jin ba su jira kashin watan Oktoba na wannan shekara ba, inda Bart, don tsoron maimaita aji, ya zauna ya yi karatu iyakar ƙarfinsa, ya sake faɗuwa da maki 59, ya fashe da kuka a gaban malamarsa yana cewa wannan karon fa ya yi ƙoƙari da gaske. Cikin kukan ya ambaci wani ƙaramin yaƙi daga tarihin George Washington, malamar ta ga ashe karatun ya shiga, ta ƙara masa maki ɗaya ya haye. Wanda ya rubuta wannan ya san aji, ya kuma san irin yaron da ake kira daƙiƙi alhali ba a taɓa tambayarsa ta hanyar da zai iya amsawa ba.

A nan ne nake ganin Bush bai fahimci abin da yake suka ba. Homer mashayin giya ne, malalaci, yakan shaƙe wuyan ɗansa in ya fusata, wannan kuwa wasa ne da ban taɓa jin daɗinsa ba. Amma gidan Simpson gida ne na miji ɗaya da mata ɗaya da ba su rabu ba, suna cin abinci tare, suna zuwa coci ran Lahadi, kakan yara yana kusa ko da yake an kai shi gidan tsofaffi. Shirin yana rushe magajin gari, da ɗan sanda, da attajiri, da ɗan jarida, amma in ya zo kan aure sai ya sassauta hannu: kowane rikici tsakanin Homer da Marge da sulhu yake ƙarewa. Ana iya cewa wannan tausayi ne, ana kuma iya tambaya wa ke biyan kuɗin sulhun. Kusan kullum Marge ce. Mace ce mai basirar zane wadda ta ajiye burinta, kuma duk lokacin da ta fita neman sana'a, kafin kashin ya ƙare an mayar da ita madafa. Marubutan sun san da haka, har sukan yi wasa da shi, sai dai sanin laifi da yin wasa da shi bai zama gyara ba.

Wannan ya kawo mu ga tsayuwar lokaci. Ƙa'idar irin wannan shiri ita ce kowane mako komai ya koma inda yake. A kashin 1990 an kama kifi mai ido uku a kogin da ke kusa da tashar nukiliya, Burns ya tsaya takarar gwamna don ya toshe bakin masu bincike, Marge ta dafa masa kifin a gaban ƴan jarida, ya kasa haɗiyewa, takararsa ta rushe. Mako na gaba yana nan a ofishinsa, tashar tana ci gaba da yoyo. A 1996, ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, aka nuna wasu halittun wata duniya biyu sun saci kamannin Bill Clinton da Bob Dole. Da asirinsu ya tonu sai suka ce wa jama'a ai dole dai a zaɓi ɗayansu, tunda jam'iyyu biyu ne. Aka kuwa zaɓa. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin haka hukumomi suke daɗewa bayan an gama fallasa su. Amma mai kallo da ya shekara talatin yana ganin an tona asiri ba abin da ya sauya, me ya koya? Tsorona shi ne ya koyi cewa duk ɗaya ne, kowa ɓarawo ne, a yi dariya a kwanta. Lisa, wadda ita kaɗai ke karatu da neman hujja, takan yi gaskiya a gardama, amma ba a cika barinta ta ci nasara a gari ba.

Kada kuma a manta da mai gidan. Tashar Fox ta Rupert Murdoch ce a lokacin, kuma ko da yake Brooks ya samu sharaɗin cewa shugabannin tashar ba za su sa baki a rubutu ba, har shirin ya riƙa yi wa Fox ɗin ba'a, ba'ar ba ta taɓa rage ribar kowa ba. Murdoch da kansa ya ba da muryarsa a 1999 aka zana shi a matsayin azzalumin attajiri. Fim ɗin sinima na 2007 ya tara fiye da dala miliyan 500. A 2010 mai zanen bango Banksy ya tsara buɗewar wani kashi inda aka nuna ma'aikatan Asiya cikin duhu da wahala suna zana iyalin Simpson, yana nuni ga cewa a Koriya ta Kudu ake yin babban ɓangaren aikin zanen. Tashar ta nuna shi, kasuwa ta ci gaba. A 2019 kamfanin Disney, wanda shirin ya daɗe yana tsokana, ya saye kamfanin da ya mallake shi. Mai zambon da sarki ke ciyarwa yana iya faɗin gaskiya, mun san haka daga fadojinmu, amma sarkin ne ya san amfanin barinsa ya faɗa.

Babban abin da nake tuhumar shirin da shi yana wani wuri dabam. Duk kaifin da muka yaba ya fito ne daga sani: marubutan sun san magajin garinsu, sun san cocinsu, sun zauna a ajinsu. Da zarar iyalin sun hau jirgi sun bar Amurka, sai sanin ya ƙare, a koma ga hotunan da ke cikin kan ɗan yawon buɗe ido. A 2002 hukumar yawon buɗe ido ta birnin Rio ta yi barazanar kai ƙara saboda yadda aka nuna Barazil, har Brooks ya nemi gafara. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilu 2001, an kawo su Afirka. Tun suna cikin jirgi aka sanar cewa Tanzaniya ta sauya suna, aka sake sanar da wani sauyin. Ɗan rakiyarsu ya zama shugaban ƙasa kafin su tafi, tsohon shugaban ya koma mai raba abinci a jirgi. Tsakanin wannan da wancan sai namun daji, da Masai, da tsaunin Kilimanjaro, da magangarar ruwa ta Victoria, kamar duk a unguwa ɗaya suke. Masu kare shirin suna cewa jahilcin Ba'amurke ake yi wa dariya. Wani lokaci haka ne, kamar a kashin 2008 inda Homer ya zargi maƙwabcinsa Musulmi ɗan Jodan da shirya ta'addanci, ashe injiniya ne mai aikin rushe tsofaffin gine-gine. A can an nuna ƙarara cewa Homer ne wawan. A kashin Afirka kuwa babu wata Lisa da ta ɗauki dutse ta nuna inda tunanin ya karkace.

Mu a nan muna da ma'aunin da za mu auna wannan. Wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bazabarme, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, yana da zafi ƙwarai, amma sharaɗinsa shi ne kowa ya san kowa, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take. Tsakanin gidan Simpson da gidan Bush akwai wannan sharaɗi: a 1990 Barbara Bush ta ce shirin shi ne mafi wauta da ta taɓa gani, marubutan suka aika mata wasiƙa da sunan Marge, ta amsa da neman afuwa. Tsakaninsu da Apu, ɗan Indiya mai kanti wanda Bature Hank Azaria ke kwaikwayon lafazinsa, sai da aka shekara kusan talatin kafin ramuwa ta samu hanya, lokacin da Hari Kondabolu ya yi fim a 2017 a kan yadda aka riƙa tsokanar ƴaƴan Indiyawa da wannan murya a makarantu. A 2020 Azaria ya ajiye rawar. Larabawa sun gwada wata hanya: a azumin 2005 tashar MBC ta fassara shirin, Homer ya zama Umar Shamshun, Bart ya zama Badar, giya ta koma lemo, mashaya da coci suka ɓace. Bai karɓu ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin an cire abubuwan da zambon ke sara, an bar mutum mai ƙaton ciki yana ihu.

Ba kuma daga Amurka muka fara jin cewa zane yana iya taɓa masu mulki ba. Tun 1966, shekara 21 kafin a zana Homer, Mustafa Alasan, wanda ya yi zamansa a Tawa ya rasu a 2015, ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jerin gwanon tarba da duk wani kumburin sabbin ƙasashe masu ƴanci. Ya san kwaɗinsa kamar yadda Groening ya san Quimby. Ƙungiyar al'adu da za ta nuna wa matasa kashin beyar da dutsen Lisa, ta kyauta in ta haɗa shi da kwaɗin Alasan a zama ɗaya.

A watan Maris 2015, cikin watan da Alasan ya rasu, shirin ya sake waiwayo yankinmu. Burns yana neman uraniyum don tasharsa, sai aka kawo masa wani sarki daga Najeriya su ƙulla ciniki, aka ba Homer tsaron ɗiyarsa, gimbiya Kemi, mai mashaya Moe kuma yana zargin ɗan uwanta ne ya damfare shi ta intanet. An yi ƙoƙari a wannan karo, gimbiyar mai ilimi ce da hankali, ta fi duk mazan da ke kewaye da ita natsuwa. Amma mai kallo a Arlit, inda ake haƙo uraniyum tun 1971, zai lura cewa ƙasar da aka sani da wannan ma'adini ita ce ta arewa da wadda aka ambata. Shiri ne da ya shekara 25 yana wasa da tashar nukiliya, ya san kifinta mai ido uku, ya san ma'aikacinta mai barci, ya san yajin aikin da aka yi a 1993 don kuɗin gyaran haƙora, amma ranar da ya tashi tambayar inda makamashin ke fitowa, labarin damfarar intanet ne ya zaɓar masa ƙasa.